Nakiyar Ranar Talata

Kwamina Bentum ya kashe surukinsa saboda tsohuwar tagulla, kuma ba kuskure ba ne, ko da yake har yau akwai masu kiransa haka. Ya ga kwalekwale a kan ruwa, ya san akwai mutum a ƙasa, ya kunna lagwanin nakiya ya jefa.

Da safiyar Talatar nan matarsa Efuwa tana durƙushe gaban murhun banda tana juya kifin jiya, ya fito da buhu a kafaɗa. Ta tambaye shi inda za shi, ya ce gyaran inji. Ta ce tun yaushe inji ya fara shiga buhun shinkafa, ya ce ta kula da kifinta kada ya ƙone. Bai taɓa dokunu, tuwon masarar da ta ajiye masa, ba.

A garinmu ba a shiga teku ranar Talata. Ranar hutun ruwa ce, kwalekwale duk suna kan yashi, maza suna ɗinkin raga ko dara a inuwar kwakwa. Amma wannan Talatar an yi togaciya. Wani tsohon jirgin Turawa yana kwance a ƙasan teku, ana hango wurin daga gaɓa, ya nutse tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba. Masu bincike daga jami'a suna aiki a kansa, shugabarsu Dakta Kwansa. Sun ja igiyoyi sun raba wurin gida-gida, suna auna komai suna ɗaukar hoto kafin su ɗaga ko ƙusa ɗaya. Daktar ta roƙi sarkin masunta, Nana Kweigya, ya bar su su yi nutso ranar Talata, don ranar ce kaɗai babu raga ko farfelar inji a kan masu nutso. Aka yanka tunkiya, aka zuba wa teku barasa, aka sanar a taron masunta.

Kwamina bai ji ba. An hana shi zuwa taro tun da aka kama shi yana kashe kifi da nakiya. Da Ato, ƙanen Efuwa, wanda yake wa Daktar nutso, ko gaisawa ba sa yi. Ita Efuwa ta sani, amma sunan Ato ba ya fitowa a gidan sai an yi faɗa, don haka ta bar zancen a cikinta.

Ta shiga ɗaki neman ashana, ta ɗaga tabarma, ta ga guntayen lagwani da takardar da ake naɗe nakiya. Ta tuna dillalin tsohon ƙarfe da ya yi ta zarya gidan, da yadda Kwamina yake cewa tasoshin tagulla da mundayen da ke cikin jirgin sun manne sun zama dutse guda, hannu ba ya ɓamɓare su. Ta buga wa Kwamina waya, wayar ta yi ƙara a aljihun wandon da ke rataye. Ta buga wa Ato, ba a ɗauka ba. Ta bar kifin a wuta ta fita da gudu ba takalmi.

Gurbin kwalekwalen Kwamina fayau, sai sawun da ya bari a yashi.

Ta sami Nana Kweigya yana kallon dara. Ta durƙusa, numfashi na sarƙe ta, ta faɗa masa. Wani mai ɗinkin raga ya yi dariya ya ce mijinta ko kaguwa ba ya iya kamawa sai da wuta, balle jirgi. Wani ya ce ta duba gidan giya tukuna.

“Nana, a ba ni kwalekwale ɗaya da mutum ɗaya,” in ji ta. “Ato yana ƙasa.”

“'Yata, tunkiyar da aka yanka ta mutanen Dakta ce. Ba ta rufe kowa ba sai su.”

“To a yanka wata in mun dawo. Ni zan saya.”

Dattawa suka shiga gardama. Wannan ya ce ceton rai ya fi ƙarfin doka, wancan ya ce wanda ya shiga ba a zuba barasa ba, shi ma sai an nemo gawarsa. Aka aika a kira mai zuba barasar. Efuwa ta kama hancin wani kwalekwale ita kaɗai tana ja, bai ko motsa ba. Tana cikin ja aka ji ƙarar. Ba ta yi ƙarfi ba, kamar an saki buhun siminti a ɗaki rufe. Can nesa ruwa ya tashi fari ya koma. Sai ta biyu.

A lokacin ne maza suka manta da Talata, suka tura kwalekwale uku.

Na jami'a ne ya fara isowa. Dakta Kwansa tana zaune a ciki, kan Ato a cinyarta, rigarta ta jiƙe da jini. Jini na fita ta kunnuwansa da hancinsa, bakinsa na kumfa ja, idanunsa sun rine. An yanke masa ɗamarar tukunyar iskar nutso da wuƙa. Yana numfashi kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. A gefen kwalekwalen matattun kifi sun biyo igiyar ruwa, cikinsu a sama.

Matuƙin, wani tsoho, yana ta maimaita abin da ya gani. Sun ɗaga wa Kwamina hannu, sun yi ihu cewa akwai mutum a ƙasa. Shi kuma ya amsa da cewa ɓarayin banza, sun zaci za su riga shi, ai ba mai fitowa ranar Talata sai ɓarawo. Ya jefa ta farko. Da Daktar ta miƙe ta kira sunan Ato, ta biyun ta riga ta bar hannunsa.

Aka sa Ato a tasi, Daktar ta shiga da shi. Efuwa za ta shiga, maƙwabciyarta ta riƙo ta ta ce gidanta na hayaƙi. Ta koma da gudu. Kifin ya zama gawayi, wuta ta fara lasar rumfa. Ta watsa ruwa. Tana juyowa ta ga sawun ƙafa jiƙaƙƙe ya shiga ɗakin da take ajiye itace.

Kwamina yana tsugune bayan itacen, yashi har gwiwa, tafin hannunsa na dama ya ƙone. Ya sauka ta bayan duwatsu ya biyo ta cikin kwakwa.

“Efuwa, ban san shi ba ne.”

“Da wani ne fa?”

Ya ce ta ce zazzaɓi ya kwantar da shi tun jiya, wani ne ya saci kwalekwalen. Ya ce in ba za ta iya ba, ta kawo masa riga busasshiya ta tare masa mota a bayan gari, kafin la'asar ya tsallaka iyaka. Ya tuna mata da 'ya'yansu. Ya ce dillalin ya yi alkawarin abin da zai isa a yi wa gidan rufin kwano, don ita ya yi.

Wayarta ta yi ƙara. Dakta Kwansa ce. Efuwa ta saurara, ta mayar da wayar cikin zani.

“Me suka ce? Yana da rai?”

“Zauna nan, in kawo maka rigar.”

Ta fito ta ja ƙofar, ta sa sakata, ta ɗora kwaɗo ta danna. Ta bi hanyar gaɓa a hankali. Maza sun dawo, suna ta bincike cikin duwatsu da filafilan tuƙi da adduna a hannu. Ta wuce su, ta je gaban Nana Kweigya, wannan karon ba ta durƙusa ba. Ta sa masa makullin a hannu.

“Ato ya cika a hanya. Wanda ya yi yana ɗakin itacena. A kira 'yan sanda, Nana. Ɗazu ka jira barasa, yanzu kada ka jira komai.”

Nana ya kira, amma labari ya riga motar. Mazan ba su nemi makulli ba, ƙofar suka ɓalle. Suka jawo shi ta ƙafa har tsakar gida. Filafili na farko ya same shi a baki, haƙora suka zube a toka. Suka karya masa hannun da ya yi jifan, suka koma kan haƙarƙari. Yana kiran sunan matarsa, ita kuwa tana tsaye jikin murhu tana tsince ƙonannen kifi tana zubawa a kwando. Sai da Nana ya kwanta a kansa da tsufansa, sannan suka ja baya.

Da ruwa ya lafa Daktar ta sauka da kanta ta duba jirgin. Inda igiyoyin Ato suke, rami ne. Katakon da ya jure shekaru ɗaruruwa ya zama tsinke, tasoshin sun yage, ko dillalin ba zai so su ba.

An binne Ato ranar Asabar. Masunta sun ƙona kwalekwalen Kwamina Bentum a bakin ruwa. Kotu ta ɗaure shi shekara ashirin da biyar, hannun kuma bai ƙara miƙewa ba.