Gyarar Faifai Huɗu

Faifai ashirin wata Baturiya ta saya, faifai ashirin kuma aka rubuta a takardar da aka manna a jikin kwali. Amma Saude da hannunta ta cusa wasu ƙanana huɗu a ƙasa, ta rufe kwalin, ba ta gaya wa kowa ba. A ganinta me za ta gaya? Gyara ce. Tun tana yarinya a ƙauyensu Yasore take ganin uwarta tana auna gero ta ƙara wa mai saye ɗan wani abu a kai. Mutum ya kwashe maka kaya har ashirin, ka sallame shi ƙayau ba gyara? Ai wannan rowa ce, kuma Saude ba ta gaji rowa ba.

Shekara biyu ke nan da ɓarayin daji suka kore su daga Yasore, ita da mijinta Muntaka da 'yarsu Ramlat, suka kama ɗaki guda a cikin garin Batsari. Saƙar faifai ce ta riƙe gidan. Maƙwabciyarsu Rebecca, wadda ta taɓa koyarwa a firamare kafin a rufe makarantar ƙauyensu, ita ta buɗe wa Saude shago a wata kasuwa ta intanet, inda Turawa ke sayen faifan suna ratayawa a bango. Saude ta sha dariyar wannan, wai abin rufe fura ne ya zama kayan ado, amma dai da shi ake cefane.

Rebecca ta yi mata bayanin haraji ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta ce a can ƙasar Turawan duk abin da aka saya akwai kason gwamnati a kai, kasuwar ce ke karɓa daga mai saye tun lokacin ciniki, sannan a rubuta adadin kaya a jikin kwali. Abin da ke rubuce shi zai kasance a ciki, ba ƙari ba ragi. Saude ta gyaɗa kai, ta ce ta ji. Ta ji ɗin kuwa, sai dai ko a mafarki ba ta ɗauki gyara a matsayin kaya ba.

A lokacin an katse layukan waya a yankin gaba ɗaya, don haka duk Litinin Rebecca kan hau akori-kura zuwa Katsina ta duba saƙonni. Wannan Litinin ɗin ta dawo gab da la'asar, ko gidanta ba ta shiga ba ta faɗo wurin Saude, fuska a murtuke. Ta ce kwastan na can sun riƙe kwalin, wai sun buɗe sun ƙirga ashirin da huɗu. Kasuwar ta rubuto cewa wannan ɓoye kaya ne don kauce wa haraji, in ba a kawo bayani zuwa Juma'a ba za a rufe shagon.

"Na rubuta musu ƙarya suke yi," in ji Rebecca. "Ni da ke muka ƙirga, Yaya Saude. Ashirin ne cif."

Saude ta tsaya da saƙa. Ga bakin magana an buɗe mata, kalma ɗaya za ta faɗa a wuce wurin. Ina! Kunya ta danne ta. Ta dubi matar da ke kasada da ranta a hanyar Katsina duk mako saboda ita, ta kasa. Sai ta sunkuyar da kai tana jan zaren kaba, ta ce Allah ya kyauta.

Muntaka yana zaune a bakin ƙofa, duk ya ji. Mutum ne marar yawan magana, kuma zaman cin abincin hannun mace ya daɗe yana ci masa rai, ko da yake bai taɓa furtawa ba. Da damina ya saci jiki ya je ya shuka dawa a gonarsu ta Yasore, ga shi ta nuna. Mutanen daji kuwa sun aiko cewa duk mai son girbi sai ya kai musu nasu harajin tukuna. Wasu magidanta sun haɗa abin da suka haɗa, sun sa ranar Asabar da sassafe za su tafi. Kowa ya san biyan ba ya hana komai. A makon da ya wuce mutanen Runka sun biya, aka bar su suka yanke dawar tas, sannan aka tasa ƙeyar bakwai daga cikinsu zuwa daji.

Saude ta riga ta roƙe shi ya haƙura da gonar, ya kuma haƙura, don shagon yana kawo abinci. Yanzu da Rebecca ta fita sai ya ɗago kai.

"In Juma'a ta wuce ban ji shagon nan ya tsira ba, zan bi su."

Ta ce, "Baban Ramlat, ka yi wa Allah."

Ya ce ba zai zauna dawa ta zube a gona, shago kuma ya rufe, su rasa duka biyun ba. Daga nan ya tashi ya ɗauki buta.

Talata ta zo ta wuce, Saude tana ta saƙa da warwara, a zuci da kuma a hannu, don faifan da ta fara sau uku tana kwance shi. Tana gaya wa kanta ƙila Turawan su gaji su saki kwalin. Wa zai tsaya ɓata lokaci kan 'yan faifai huɗu da ba su fi tafin hannu ba? Laraba da hantsi ta ga Muntaka ya sauko da magirbi daga inda yake rataye, ya zauna yana wasa shi a dutse. Ƙarar nan ce ta tashe ta. Ta yafa gyale ta shiga gidan Rebecca, ta tsaya daga tsakar gida ta faɗi abin da ta yi.

Rebecca ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Tun Litinin kika sani?" Saude ta ce e. Rebecca ta ce da a ranar ta faɗa, da Talata sun tafi, da yanzu an gama. Motar yau kuma ta riga ta tashi.

Alhamis suka kama hanya su biyu, don shagon da sunan Saude yake, kuma kasuwar ta nemi hotonta riƙe da katin shaida. Akori-kurar ta cika maƙil. Duk inda daji ya matso kusa da titi sai direba ya taka mota, mata su hau salati ƙasa-ƙasa. An tsayar da su a shinge wajen biyar. Sai bayan azahar wayar Rebecca ta fara ƙara a aljihu, alamar sun shigo inda layi yake.

A gindin wata bishiya kusa da tasha suka zauna. Rebecca ta janye maganarta ta farko, ta ba da haƙuri, ta rubuta wa kasuwar cewa kayan ashirin da huɗu ne. Da ta zo bayanin dalili sai ta tsaya, ta ce ita fa ba ta san yadda ake faɗin gyara da Turanci ba, in ta ce kyauta ce za su ce to me ya sa ba a rubuta ba. Saude ta ce ta rubuta yadda abin yake: a garinsu in mutum ya yi maka ciniki mai yawa, kana ƙara masa kaɗan don ya san ka gode, uwarta haka ta yi, kakarta haka ta yi, ba ta san gwamnatin wasu tana da kaso a cikin godiya ba. Rebecca ta ce wannan na ƙarshen ba za ta sa ba. Ta rubuta sauran, suka biya harajin faifai huɗun da tarar da aka ɗora, suka aika.

Shiru. Suka kwana gidan wata 'yar'uwar Rebecca. Juma'a tun safe Saude take manne da wayar, ko karatu ba ta iya ba amma ita ke riƙe da ita. Ta gwada lambar Muntaka ya fi a ƙirga, alhali ta san ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta shiga ba. Rebecca ta ce Saude ta bi motar hantsi ta koma, ita ta jira amsa. Saude ta ce ta koma ta ce masa me? Amsa yake jira, ba ita ba. Motar azahar ma ta tashi suna kallo.

Amsar ba ta zo ba sai da aka yi la'asar. An saki kwalin, shago yana nan, gargaɗi kawai aka yi musu. Har Baturiyar ta rubuto da kanta, ta ce labarin gyarar ya burge ta, tana son wasu talatin, amma don Allah a rubuta komai a takarda. Saude ta miƙe tun Rebecca ba ta gama karantawa ba, ta nufi motocin Batsari da sauri.

Ba mota ko ɗaya. Direbobin suka ce ba mai bin hanyar nan bayan la'asar, ko nawa za a ba shi. Ta roƙi wani dattijo har da hawaye, ya ce, "Baiwar Allah, ni ma ina da 'ya'ya." Ta nemi ko akwai mai tafiya da za ta ba saƙo, babu. Haka ta zauna a kan benci da albishir a bakinta, ba wanda za ta yi wa.

Asabar suka bi motar farko. Saude ba ta ga shinge ba, ba ta ga daji ba, lissafinta ɗaya, ko Allah ya sa mutanen sun makara. Suna isa ta diro, ta bar Rebecca da kaya, ta ratsa lungu tana haɗawa da gudu, mace mai shekara arba'in.

Ramlat ta tarar a tsakar gida tana wanke kwanoni. Saude ba ta tambaye ta ba, bango ta duba. Ƙusar tana nan, magirbin babu.

Yarinyar ta ce Baba ya zauna a bakin tasha jiya har aka kira magariba. Yau da aka idar da sallar asuba ya tafi tare da masu zuwa girbin. Ya ce a gaya mata kada ta damu da shagon, in Allah ya yarda dawar za ta kai su damina.

Saude ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Can Rebecca ta shigo da sallama, ta dube su, ta gane. Ta miƙa wa Saude wayar. Ta karɓa ta danna lambar Muntaka, ta kara a kunne, tana jira.