Gwangwanin Mufida da Indararon Inna

Dakta Dibora ta kawo littafin kusa da tabarau, ta nisanta shi, ta sake kawo shi, sannan ta kwashe da dariya har da dafe tebur. Mufida, ɗalibarta, dai tana tsaye a gaban teburin. Ita ba ta ga abin dariya ba, don littafin nan na awon ruwan saman garinsu shi ne kashi ɗaya cikin ukun aikinta na kammala jami'a.

Aikin ba wani mai wuyar bayani ba ne. Da farkon damina ta kafa ma'aunin ruwan sama a wuri uku: ɗaya a Kalgo, inda take karatu, ɗaya a Malisa, ɗaya a gidan kakanninta a Dalijan. Ma'aunin kuwa wata doguwar roba ce mai zane-zanen lambobi a jiki, tana cika a milimita ɗari da ashirin, amma mutanen Dalijan ba su taɓa kiranta komai ba sai gwangwanin Mufida. Na Kalgo ita ke dubawa. Na Malisa wani malamin firamare ne, Malam Matiyu. Na Dalijan ta damƙa wa kawunta Sambo, mutumin da in ka ce ya tsaya nan, to ko bayan shekara nan za ka same shi. Daga lambobin ne za ta fitar da matsakaicin ruwan kowane wuri, da yadda yake hawa da sauka, da kuma sau nawa cikin goma manomi zai sa ran ruwa mai ƙarfi.

"Zo ki gani," in ji Dakta Dibora, tana share hawayen dariya. "Ruwa takwas na farko lafiya lau: bakwai, talatin da ɗaya, sha biyu, haka dai. Daga nan kuma fa? Ɗari da ashirin. Ɗari da ashirin. Sau ashirin da uku a jere, ko ɗigo bai sauya ba! Mufida, a garinku da mudu ake auna muku ruwan sama?"

"Wataƙila dai an dace ne, Dakta."

"Dacewa? Jefa kwabo sau ashirin da uku, ya faɗi ta fuska ɗaya duka. Sai ki gwada sau miliyan huɗu kafin ki ga haka sau ɗaya. Shi kuwa kwabo fuska biyu gare shi, ruwan sama fuskarsa ta fi ɗari. Duk lambobin da ba sa motsi, akwai hannun mutum a ciki."

Mufida ta yi ƙasa da murya ta ce ko za ta haɗa na Kalgo da na Malisa, ta raba biyu, ta cike gurbin Dalijan da shi. Nan dariya ta ɗauke. Dakta ta tuna mata cewa ita da bakinta ta rubuta yadda hadari ke jiƙe Malisa ya tsallake Dalijan ko yayyafi babu. Sharaɗi dai wuri uku ne. Ko ta kawo lambobin Dalijan na gaskiya ranar Litinin, ko ta jira wata daminar. Wata damina kuwa shekara guda ce cur, abokan karatunta su tafi bautar ƙasa, ita tana nan tana gadin roba.

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Gwandu, daga nan ta hau mashin zuwa Dalijan, tana tafe tana shirya faɗan da za ta yi wa Kawu Sambo. Ta same shi a bakin garke yana gyaran igiya, kuma da ya ɗago ya washe baki, rabin faɗan ya zube.

"Kawu, don Allah mi yaf faru da gwangwanina?"

"Lahiya lau shike. Kullum anka yi ruwa, da sahe ina tahiya in duba, in rubuta, in zubas."

"Kuma kullum cike?"

"Cike maƙil."

"Har ranar da anka yi ɗan yayyahi?"

"Har rannan. Ni ma abin ya ɗaure man kai. Amma ke kinka ce in rubuta abin da nig gani, ba ki ce in rubuta abin da nika tsammani ba. Nic ce wataƙila haka kayan boko su kai."

Mufida ta juya ta bar shi a nan. Ta je ta duba ma'aunin a kan turkensa, tsakiyar fili, nesa da bishiya, nesa da katanga, daidai inda ta kafa shi. Ta juya shi, ta leƙa gindinsa, ta ɗaga shi a rana. Ba tsaga, ba komai. Ta zauna a kan turmi ta yi tagumi, hawaye na neman zubo mata.

Kakarta, wadda duk gidan ke kira Inna, ta leƙo daga ɗaki tana dogara gwiwarta mai ciwo. "Ke 'yar boko, kin iso ba ki gaishe ni ba sai gwangwani? To shi zai dama maki hura." Mufida ta tashi ta gaishe ta, ta sha furar, amma ba ta ji daɗinta ba.

Bayan la'asar gabas ta haɗe. Irin hadarin ƙarshen damina ne, mai yawan ruri da ƙarancin ruwa. Mata suka hau kwashe shanya, aka jera bokitai da tukwane a ƙarƙashin indararon soro, kamar yadda ake yi a kowane gida in ana son tarar ruwa. Mufida tana zaune a bakin ƙofa, ta ga abin da ba za ta manta ba. Inna ce ta fito, ta kifa tsohon buhu a ka, tana ɗingishi amma da sauri kamar mai tsere. Ta nufi tsakiyar fili, ta zare ma'aunin daga turke, ta rungumo shi, ta ture wani bokiti da ƙafa, ta tara shi a bakin indararo. Kafin a ƙirga goma ya cika ya tumbatsa. Ta mayar da shi kan turkensa a hankali, ta daidaita shi, har da ɗan shafa shi.

"Inna!"

Tsohuwa ta juyo, ruwa na zuba ta gefen buhu, ta yi murmushin wanda aka kama yana aikin alheri. "Af, kin gani? To ki yi shiru, kada Sambo shi ji."

Suka shiga ɗaki. Mufida ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba, sai ta haɗa duka biyun. "Inna, don mi? Don mi kika yi man haka?"

"Don mi? Ba ke kinka zo da Sallah kinka ce in babu ruwan gwangwanin ga ba ki gama makaranta ba? Nit tahi nid duba, nig ga ɗan abin da ad ciki ko kaza ba ta ƙoshi. Kun aje abu tsakar hili kamar marasa wayo. Wa ka tarar ruwa tsakar hili ga indararo? Nic ce ina raye ba a ba jikata sakamako kaɗan. Ɗiyan wasu na kai cikakke, ke ki kai rabi?"

To, ina za ka fara yi wa wannan bayani? Mufida ta gwada. Ta ce ba yawan ruwan ake so ba, gaskiyarsa ake so, ko da ɗigo uku ne. Inna ta saurara da kyau, fuskarta na sauyawa sannu a hankali, har ta gane. Sannan ta ce da ƙaramar murya, "Ashe ɓarna niy yi maki." Wannan maganar ta fi komai yi wa Mufida ciwo, don ba ta taɓa jin muryar Inna ta yi ƙasa haka ba.

Kawu Sambo ya shigo yana kakkaɓe riga, aka ba shi labari. Ya yi salati, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Shi ya sa! Ni dai na san duron shanuna ba ya ƙarya."

"Wane duro, Kawu?"

Ashe a tsakiyar garke akwai wani rabin duro da yake zuba wa shanu dusa da kanwa. Duk ruwan da aka yi sai ya zubar da abin da ya taru kafin ya zuba dusa, kuma kafin ya zubar sai ya tsoma hannu ya auna da faɗin yatsa. Gadon mahaifinsa ne: in ruwan farko ya kai yatsa biyu, a fita shuka, in bai kai ba, a bar iri a rumbu. Hannu ya riga ya saba, har tsakiyar damina ma sai ya auna. Da aka ba shi littafi da biro, sai ya riƙa ja wa kansa 'yan layuka a gefen shafi, dogon layi yatsa ɗaya, ɗigo rabin yatsa, ɗan gicciye kuwa abin da bai kai rabi ba.

Mufida ta fizgo littafin daga jaka. Ga su nan, tun daga shafin farko har na ƙarshe. Ita duk a zatonta gwajin biro ne.

Ba ta jira an ɗauke ruwa ba. Ta je garke ta ga duron: bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ba rufi, ba bishiya a kansa. Ta dawo ta zauna a kan tabarma. Ruwa takwas na farko, kafin Inna ta soma taimako, tana da awo biyu a kowanne, na roba da na yatsa. Ta jera su a takarda, yatsu a kwance, milimita a tsaye, ta ɗiga ɗigo takwas. Suka hau layi kamar awaki a kan hanyar rijiya, ɗaya ko biyu sun ɗan kauce, amma duk gaba ɗaya suka nufa. Yatsan Kawu ɗaya ya kama milimita sha bakwai, da kuskuren huɗu sama ko ƙasa. Da wannan ta mayar da sauran ashirin da ukun zuwa milimita. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a Malisa, a Dalijan ma yatsa uku da rabi. Ranar yayyafi, ɗan gicciye.

Ranar Litinin Dakta Dibora ta karanta komai, ba ta yi dariya ba sai da ta kai ƙarshe. Ta ce awon yatsa bai kai na roba kaifi ba, dole a rubuta haka ɓaro-ɓaro, kuma kowace lamba ta tafi da kuskurenta a gefe. Ta ce a saka lambobin Inna ma a shafi na musamman, don 'yan baya su ga yadda lambar da aka taɓa take kama. Sannan ta sa hannu.

Mufida ta fito ta tsaya a inuwar dalbejiya ta kira Kawu, ta ce a miƙa wa Inna waya.

"An karɓa, Inna. Na gama."

"Alhamdu lillahi! Da ɓarnar tawa duka?"

"Har shahi guda anka ba ki, ke kaɗai."

"Ni? Cikin littahin jami'a? To mi kinka rubuta?"

Mufida ta buɗe shafin. A ƙarƙashin jerin ɗari da ashirin ɗin nan ta yi bayanin indararo cikin layi biyu. Sai a lokacin, tana kallon jerin daga sama har ƙasa, ta karanta shi ta wata fuskar. Kowace lamba a ciki fita ɗaya ce: tsohuwa mai ciwon gwiwa, da buhu a ka, tana ratsa fili cikin ruwa ta je ta dawo.

"Inna, sau ashirin da ukku kinka hita cikin ruwa sabili da ni."

"Da huɗu," in ji Inna. "Kin mance na ran Asabar."