Dillalin da Ugomma Ta Zaɓa

"Ba Zamani ba," in ji Afiniki, ta jingine tsintsiyarta a jikin ƙofa. "Mama Emeka, duk dillalan da ke Kafanchan ki rasa wanda za ki kira sai Zamani?"

Ugomma ba ta juyo ba. Ta ci gaba da kankare bangon falo da wuƙa, inda hayaƙi ya dafe. Kwananta huɗu da sauka daga jirgin Inugu, kuma rabonta da garin shekara biyar ke nan, tun ranar da Ibo suka gudu. Gidan mijinta ne, ɗaki huɗu da rijiya, a bayan layin Reluwe. Afiniki da mijinta Kambai, maƙwabtansu na jikin katanga, su suka tsare shi har yaƙi ya ƙare, ba su bari an zare ko ƙusa ba. Yanzu ta zo ta sayar ta koma wurin ɗanta Emeka.

"Ga Meshak," in ji Afiniki. "Dattijon ikkilisiya ne. Ko tsaga ce a bango sai ya nuna wa mai saye, kuma ba ya danne mai gida."

"Na ji labarin Meshak."

"To?"

"Na riga na aika wa Zamani. Yau da la'asar zai kawo mutum." Ta ajiye wuƙar. "Ki taimake ni da benci biyu. Ki gaya wa Baba Kambai ya zo, da Paulina da Selina na zumuntar mata. Ina so a sami shaidu."

Afiniki ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Babu wanda ya san abin da ya faru a tashar mota ranar gudun nan kamar Kambai, don shi ya ɗauko wa Ugomma da mijinta akwati. Mota ɗaya ce ta rage mai zuwa Makurɗi, kuma Zamani ne ke cewa wane ya hau, wane ya tsaya. Ya ja Ejike, mijin Ugomma, bayan motar, ya fito da takarda, ya ce in ya dangwala hannu ya bar masa gidan, akwai wurin mutum uku. Ejike ya yi shekara goma sha tara yana gyaran inji a loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, kafin ya gina gidan nan. Ya ce ba zai dangwala ba. Zamani ya ninke takardarsa ya ce to wurin mace da yaro kawai ya rage. Ejike ya ɗora su, ya ce zai biyo jirgi. Bayan kwana biyu Kambai ya tsinci gawarsa a gefen layin dogo, shi ya binne shi.

Da la'asar Zamani ya iso yana tura sabon keke. Ya yi ƙiba, ya sa kwat duk da zafin da ake yi. A bayansa akwai wani dogon dattijo mai tabarau, Baba Gregory, tsohon hedimasta daga Zonkwa wanda ya yi ritaya yana neman gida kusa da asibiti saboda ciwon matarsa.

"Madam! Sannu da zuwa, sannu da hanya!" Zamani ya miƙo hannu biyu. Idonsa ya tsaya a fuskarta yana neman wani abu. Ugomma ta yi masa murmushi, ta tambayi iyalinsa. Sai ya saki jiki. Da ya ga mutane zaune a ƙarƙashin mangwaro ma, daɗi ya ji, ya bi su da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ya iya aikinsa, wannan kam babu musu. Ya ƙwanƙwasa bango ya ce a ji bulon siminti ne, ba na laka ba. Ya ja guga daga rijiya ya sha a gaban kowa. Ya nuna kwanon rufi, ya nuna katakon ƙofa.

"Mai gidan nan mutumin kirki ne, Baba," in ji shi. "Abokina ne. Allah ya ji ƙansa."

Ugomma ta juya ta nufi gindin mangwaro. Ta jira har suka dawo inuwa, Baba Gregory ya zauna ya cire hula ya ce gida ya yi masa.

"Baba," in ji ta, "kafin mu yi maganar ciniki. A wurinmu, dillali yakan gaya wa mai saye tarihin gida duka. Malam Zamani ya bar abu ɗaya." Ta juya. "Gaya masa yadda ka taɓa neman gidan nan."

Zamani ya yi dariya. "Ni? Madam, kin ɗauke ni wani ne."

"Motar Makurɗi. Takarda a aljihunka na hagu. Ina tsaye a jikin motar, ina kallonka ta tsakanin katako."

"Shekara biyar! Wa zai tuna abin da—"

"Ni na tuna," in ji Kambai. Bai ɗaga murya ba. "Ina tsaye da akwatinsu a kaina. Ka ce masa ya dangwala ko ya tsaya."

Selina ta rufe baki da gefen zane. Baba Gregory ya cire tabarau ya dubi Zamani kamar yadda ya saba duban ɗalibi.

"Gaskiya ne?"

"Baba, lokacin kowa ta kansa yake yi. Mota ta cika. Ni ban kashe kowa ba, Allah shi ne shaida!"

"Ban ce ka kashe shi ba," in ji Ugomma. "Na ce akwai wuri. Ka san abin da ka ɗora a wurin mijina? Buhun citta huɗu. Naka ne, da sunanka a jiki da jan fenti. Na jingina da su tun daga nan har Makurɗi, Emeka yana tambayata ina Papa. Har yau ba na sa citta a miya."

Can wajen loko wani inji ya yi kuwwa. Zamani ya zaro hankici ya goge wuya, ya dubi Paulina, wadda mijinta ya ba shi fili ya sayar a makon jiya. Paulina ta kau da kai.

Baba Gregory ya miƙe ya mayar da hularsa. "'Yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Gidan ina so. In kin shirya, ki aiko mini ta hannun wani." Ya wuce Zamani bai dube shi ba. Matan ma suka tashi, kuma ba hanyar gida suka nufa ba, hanyar kasuwa suka bi.

Zamani ya kama kekensa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Kin huce? To nemi wani dillalin."

"A'a," in ji Ugomma. "Kai na zaɓa. Ban sallame ka ba."

Ya tofar da yawu ya fita.

Afiniki ta fara tattara bencin. "Ya isa haka, Mama Emeka. Gobe in kai ki wurin Meshak, a kira Baba Gregory, ki kama jirgin Asabar."

Ugomma ta zauna a bakin rijiya. Ta ɗauka in ta faɗi maganar nan a gaban jama'a ƙirjinta zai yi sauƙi. Bai yi ba. Abin da ta ji kawai shi ne bai isa ba.

"A ina yake zama da safe?"

"Wa?"

"Dillalina."

"Gindin ɗorawa, kusa da masu doya. Nan masu neman gida suke samunsa." Afiniki ta tsaya da benci a hannu. "Me za ki yi?"

"Zan zauna kusa da shi. Mai gida tana da ikon jiran dillalinta. Duk wanda ya zo neman gida, zan gaishe shi, in gaya masa yadda muka san juna."

"Jirgin Asabar fa?"

"Akwai wata Asabar," in ji Ugomma. "Ki bar mini ƙaramar kujerar nan taki, mai sauƙin ɗauka."