Cinikin Fari a Tandabawi

Shaguna biyu ne a ƙasan benen marigayi Alhaji Nasrullahi, a gefen unguwar Tandabawi ta Makka, bango ɗaya ya raba su. Na dama na Dawuda ne, na hagu na Malam Abdulbaƙi. Kayansu iri ɗaya: carbi, darduma, dabino, turare, zoben azurfa, duk abin da alhaji zai cusa a jaka ya kai gida tsaraba. Shekara ashirin da shida suna haka. Wanda bai san su ba sai ya ɗauka masu sana'a ɗaya ƙofa da ƙofa ba sa ga maciji da juna. Su kuwa shayinsu ma a buta ɗaya ake dafa shi.

Akwai wata al'ada da suka gada wurin tsofaffin 'yan kasuwar Makka. Da safe kowa zai fitar da kujera ya ajiye a ƙofar shagonsa. Duk wanda ya yi cinikin fari, wanda suke kira istiftahi, sai ya shigar da kujerarsa ciki. Idan wani mai saye ya sake zuwa masa alhali kujerar maƙwabcinsa tana waje, ba zai sayar ba. Zai ce, “Shiga nan kusa, yana da irinsa, shi bai buɗe hannu ba tukuna.” Sauran layin sun daɗe da watsar da wannan. Su biyun ne suka riƙe, kuma Dawuda yana ji da abin ƙwarai. A Makka aka haife shi, kakansa ya tako daga Kano a ƙafa, kuma a ganinsa wannan kujera ita ce shaidar cewa shi ɗan kasuwa ne ba mai tsaron kaya ba.

Sai annoba ta zo aka rufe Umara. Da aka buɗe, kasuwa ba ta dawo yadda take ba. Rusau ya kwashe rabin mutanen unguwa, baƙin da ke zuwa kuma suka koma sayayya a manyan kantunan ƙarƙashin otal. Wata rana kujerun nan biyu sai su kai la'asar a waje, rana ta gasa su har ba a iya zama a kai.

Ana cikin haka Marwan ya zo, ɗan marigayin da ya gaji benen. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci. Yana jin Hausa sarai, amma bakinsa ya fi saurin Larabci, sai ya riƙa gauraya su. Ya tara su biyun a ƙofar shago.

“Ya ammi, iyayena, ba zan ɓoye muku ba. Ni ma halin ya matse ni. Akwai mai son mahal, shago ɗaya, ya yi wurin gahawa, zai ba da ijar, kuɗin haya, ninki biyu. Idan na ba shi ɗaya, ɗayan zan bar shi a tsohuwar haya. Amma ɗaya ne kawai.”

“Wanne?” in ji Malam Abdulbaƙi.

“Wanda kasuwa ke tare da shi zai zauna. Ba na son in sabunta aƙad, yarjejeniyar haya, da mutum, tsakiyar shekara ya gaza. Zan riƙa zuwa mako guda in gani da idona, khalas, shi ke nan.”

Haka aka yi. Kullum da hantsi Marwan zai faka motarsa a tsallake, ya kunna sanyi, ya zuba wa ƙofofin ido kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Kwana shida babu wanda ya fi wani. Yau wannan ya sayar da dabino, gobe wancan ya sayar da turare. Dawuda bai gaya wa kowa ba, amma tsoro ya kama shi. Ya haura hamsin da biyar, bai iya wata sana'a ba, kuma shagon nan ne ke riƙe da gidansa na unguwar Ka'akiyya.

Ran kwana na bakwai ya riga kowa zuwa. Yana gama ɗaga ƙofa ya fitar da kujera, sai ga wani mai shara ya tsaya ya sayi asuwaki ɗaya, ya miƙa riyal ya wuce. Malam Abdulbaƙi bai iso ba, motar Marwan ma ba ta zo ba. Dawuda ya jefa riyal ɗin a aljihu, ya ce bari ya gyara jerin darduma sannan ya shigar da kujerar. Yana cikin gyaran tsohon ya zo ya buɗe, ya fitar da tasa kujerar, suka gaisa. Motar ta zo ta tsaya a wurinta.

Sai ga su sun ɓullo ta kan kwana. Mata ne 'yan Umara sun fi goma, da ganin ɗaurin zaninsu da jin maganarsu ka san Sakkwatawa ne. Wata Hajiya mai jiki tana gaba, da takarda a hannu. Kai tsaye suka nufi shagon Dawuda.

“Malam, an ce nan ana jin Hausa. Gobe muka tashi, tsaraba muka so. Darduma za mu ɗiba da yawa, da tazbaha, da dabino kwali-kwali.”

Rabon Dawuda da irin wannan ciniki tun kafin annoba. Ya dubi kujerarsa, tana nan waje. Duk mai ido zai ce bai yi istiftahi ba, kuma hakkinsa ne ya sayar. Asuwaki ɗaya ma ciniki ne? Wa ya gani? Ya dubi ta Malam Abdulbaƙi, ita ma tana waje, tsohon yana ciki yana kakkaɓe ƙura bai san abin da ake ba. Ya ji riyal ɗin a aljihunsa, ya kuma ga Marwan ya sauke gilashi yana kallo. Ransa ya so cinikin nan matuƙa.

Ya sunkuya ya ɗauki kujerarsa ya shigar ciki.

“Hajiya, ku shiga nan kusa. Duk abin da ke wurina yana da shi, kuɗin ma ɗaya ne. Ni na buɗe hannu, shi bai buɗe ba.”

“Ikon Allah! Korar mu kaka yi?”

“A'a Hajiya, raka ku zan yi.”

Ya kai su har ƙofa. Suka kusa sa'a biyu a ciki. Da dardumar tsohon ta ƙare, Dawuda ne ma ya taya shi sauko da wasu daga sama. Suka fito da ƙunshi niƙi-niƙi, Marwan ya ɗaga gilashinsa ya ja mota.

Da Dawuda ya koma gida ya ba matarsa Ummulkhairi labari, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta.

“Asuwaki? Abban Lujain, asuwakin riyal ɗaya ka sayar mana da shago a kansa?”

“Ciniki ciniki ne.”

“To Allah Ya ba mu haƙuri da kai.” Ta ɗauki ludayinta ta zuba musu abinci. Amma da zai fita masallaci ta miƙo masa farar jallabiyar da ta goge, wadda ba ta fito da ita sai Juma'a.

Bayan kwana biyu saƙon Marwan ya zo: shagon dama ne zai tashi a ƙarshen wata. Malam Abdulbaƙi ya shigo hankali tashe.

“Dawuda, wallahi ba zan yarda ba. Baƙinka ne, wurinka suka fara zuwa. Yanzu zan kira yaron nan in faɗa masa.”

“Yaya, idan ka kira shi ka ci mutuncina. Sau nawa ka turo mini mutane a shekarun nan? Na taɓa zuwa na ce ban yarda ba?”

Tsohon ya zauna a kan kwalin dabino ya yi ta share ido da gefen rawaninsa. Dawuda ya zuba masa shayi.

Ranar tashi, ya kwashe kayansa a motar ɗaukar kaya, zai jibge su a ɗaki guda a gida kafin Allah Ya kawo wani wurin. Ya share shagon, ya wanke daɓen, ya cire ƙusoshin da ya kafa a bango ɗaya bayan ɗaya. Marwan ya zo karɓar mabuɗi, ya tsaya yana kallon wurin fes, ya kasa haɗa ido da shi.

“Ya ammi, na ga komai ranar nan. Wurinka suka zo. Amma ni abin da ya shiga aljihu nake dubawa, mai korar ciniki ba zai iya biyan ijar ba. Lesh, me ya sa ka yi haka? Da ka yi shiru ka sayar, kai ne za ka zauna.”

Dawuda ya sa masa mabuɗin a tafin hannu.

“Da na zauna, ɗana. Amma kullum in na zo da safe, da wane ido zan kalli ƙofar nan ta hagu?”

Marwan ya sa mabuɗin a aljihu. Dawuda ya leƙa ya yi wa Malam Abdulbaƙi sallama, ya ce ya kula da dabinon da ke kusa da ƙofa, rana na taɓa shi. Sannan ya gyara hularsa ya shiga gaban mota, ya ce wa direba su bi ta hanyar Ka'akiyya.