Wayar da Malam Labaran Ya Ɗaura

Malam Labaran ya sake dangwala mitar auna wuta a cikin amfilifayar masallaci, na'urar da ke ƙara wa lasifika murya, allura ba ta motsa ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Shekara talatin da takwas yana gyaran rediyo a wannan shago na Ƙofar Doka, a jikin gidansa, kuma duk abin da ya lalace a masallacin unguwa nan ake kawo shi. Amma wannan sabuwar yayi ce, ba nauyi, cikinta bai yi kama da wanda ya saba ba.

Malam Yakubu ladan ya tsaya a bakin ƙofa, murya a dishe.

"Kwana biyu ina kiran salla da maƙogwaro, Labaran. Gobe walimar saukar ɗalibai. 'Yan kwamiti sun ce in la'asar ta yi ba ta tashi ba, a kai ta Sabon Gari wajen Abubakar Siddiƙ."

"Ni na koya masa riƙon dalma. Ba inda za ta."

"Haka na ce musu. Suka ce ni da kai duk mun kwana biyu."

Abin da Yakubu bai sani ba, jiya Labaran ya tarar fiyus ya ƙone. Ba shi da irinsa, sai ya ɗaura siririyar waya a gurbinsa, yadda ya sha yi wa tsofaffin rediyo. Yana kunnawa ta buga ƙara, hayaƙi ya tashi. Ya canza turanzista biyu da suka fashe, ya sayo fiyus, ya goge baƙin hayaƙin tas. Tun daga nan ko fitila ba ta kawo ba.

Bayan tafiyar Yakubu ya ɗauki wayar salula. Bara 'yarsa Hidaya ta sa shi a wani zauren intanet na masu sha'awar kayan lantarki, mutum ɗari huɗu da wani abu, daga Sakkwato har Yola. Bai taɓa cewa uffan ba. Saurare yake yi yana tsaki. Yau da yatsa ɗaya ya rubuta: "Amfilifaya ta mutu. A faɗi magani yanzu."

Shiru. Ya sake turawa. Ya tura na uku.

Amsa ta zo daga mai kula da zauren, wata injiniya Khairat. "Baba, barka da zuwa. Sau ɗaya ya isa. Kowa a nan yana da aikinsa, don Allah muke amsawa. Turo hoto, da lambar da ke bayanta, da abin da mita ta nuna, da abin da aka riga aka taɓa a ciki."

Labaran ya daɗe yana kallon layin ƙarshe. Tambayarsa ce. Duk wanda ya kawo masa rediyo sai ya tsare shi da ido ya ce, "Wa ya buɗe kafin ni?" In mutum ya yi ƙarya, miƙa masa kayansa yake yi.

Ya tura hoto. Ya tura lamba. Ya danna maɓallin saƙon murya ya yi magana ya faɗi abin da mita ta nuna. Ta huɗun ya tsallake ta.

Wani Jamaluddeen, mai gyaran na'urori a wani asibiti a Gombe, ya karɓi zancen. Ya ce a auna nan, aka auna. Ya ce a cire wancan, aka cire. Har aka idar da azahar suna kai da kawowa, ba abin da ya canza.

Sailuba, matar Labaran, ta leƙo ta ƙofar cikin gida da kwanon abinci.

"Malam, har yanzu?"

"Ana kai."

"Ka faɗa musu ƙarar jiya? Har kajina sai da suka watse."

"Ba a tambaye ki ba."

"Ni kam ba a tambaye ni ba. Kai fa?" Ta ajiye kwanon ta koma.

Saƙon murya ya shigo. "Baba, abin nan ya ɗaure mini kai," in ji Jamaluddeen. "Ga hoto tsaf, ba alamar ƙuna. Hutun cin abincina ya ƙare, ban ma ci ba. Bari in roƙi abokin aikina ya riƙe mini minti goma."

Labaran ya dubi kwanon da ke gabansa, bai buɗe ba. Ya nemo lambar Jamaluddeen ya kira shi kai tsaye.

"Akwai magana, amma tsakanina da kai."

"Baba, ka yi haƙuri, a zaure ake yi. In mun gyara a ɓoye, wanda tasa ta lalace gobe ba zai samu komai ba."

Labaran ya kashe. Ya san Abubakar Siddiƙ yana cikin zauren. Ya kuma tuna ranar da ya kama Abubakar ɗin, lokacin yana yaron shagonsa, yana ɗaura waya a gurbin fiyus, ya kore shi gida kwana uku. Ya dubi agogon bango. Uku saura kwata.

Ya buɗe zauren, ya danna maɓallin murya ya riƙe.

"Salamu alaikum. Labaran ne, Ƙofar Doka. Jiya fiyus ya ƙone, na ɗaura waya. Ta buga. Na canza turanzista biyu, na goge hayaƙi. An tambaye ni, ban faɗa ba. Jamaluddeen, na ɓata maka lokaci, na hana ka abinci. Ka yafe."

Ya saki. Ba a yi minti biyu ba amsa ta zo.

"Ba komai, Baba. Yanzu hanya ta fito. In turanzistan nan suka fashe haka, suna tafiya da ƙaramin aisi mai ƙafa takwas da ke gefensu. Shi za ka canza."

Labaran ya juye gwangwanayensa duka, babu irinsa. Sai ga saƙo a ƙasa, daga Abubakar Siddiƙ. "Baba, ina da shi. Ga ni nan bisa mashin."

Abubakar Siddiƙ ya iso da furfura a gemu, ya durƙusa ya gaida malaminsa, ya miƙa ƙullin takarda. Bai ambaci wayar fiyus ba, Labaran ma bai ambata ba. Tsohon ya narka dalma, ya jera ƙafa takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya kunna. Koriyar fitila ta kawo.

Da la'asar muryar Yakubu ta fito ta lasifika, a dishe, amma har bakin ganuwa an ji.

Bayan salla Khairat ta rubuto: "Baba, ƙa'idarmu ta ƙarshe. Wanda aka taimaka wa yakan dawo ya faɗi yadda ta kaya."

Labaran ya danna. "Ta tashi. Aisi ne. Na gode. In fiyus ya ƙone, a sa fiyus."

Jim kaɗan ya ga ta liƙa saƙonsa na ɗazu mai ikirari a saman zauren, inda duk sabon shiga zai fara ji, da sunansa a kai. Ya ɗora yatsa a kan lambarta don ya roƙe ta ta cire, ya daɗe a haka bai danna ba. Sannan ya ajiye wayar, ya jawo kwanon abincin da ya huce.