Rantsuwar da Garbai Ya Ƙi

"Bappa Muktar, sake karanta masa layin ƙarshe," in ji Falmata daga cikin wayar. "A hankali, don Allah."

Wayar tana jingine da guntun katakon da ubanta ke ɗora hula, a ƙofar gidan hayarmu da ke unguwar Nassarawo ta Jimeta, a Yola. Malam Garbai, mai wankin hula, bai daina gogar hular da ke hannunsa ba. Ya ajiye wayar a sama yadda fuskarsa kaɗai za ta fito. Ƙafafunsa suna ƙasa kan buhu, sun kumbura har silifas ba sa shiga.

Na karanta da Turanci, sannan na juya masa: "Ni Garbai na rantse cewa 'yata Falmata ba ta da gidan da za ta dawo a Najeriya, kuma ba ta da mai riƙe ta."

"To ni mene ne? Gawa?"

"Baba, ba haka suke nufi ba. Tsari ne kawai."

"Tsarin nan, in na je kotu, Alƙur'ani zan dafa ko jarida?"

Falmata tana shekara ta biyar a karatun likita a Yukren, da tallafin karatu, lokacin da yaƙi ya tashi. Da ƙafa ta kai iyaka, daga can ta faɗa Jamus. 'Yan Yukren ɗin da suka gudu tare an ba su izinin zama na masu neman mafaka ba tare da doguwar magana ba. Ɗalibai baƙi irinta kuwa aka ba su takardar 'yan watanni, aka ce duk mai son izinin sai ya nuna ba zai iya komawa ƙasarsa lafiya ba. Saura mako uku tata ta ƙare. In aka hana ta, za ta dawo ba shaidar karatu, shekara biyar sun tafi a banza. Wata lauya mai taimakon baƙi ce ta tsara mata kalmomin. Ni aikina gyaran fanka da dutsen guga, amma na tsinci Turanci a rediyo da tsofaffin jaridu, shi ya sa takardun layinmu suke biyowa ta hannuna.

"Malam," na ce, "ai gidanku na Bama toka ne. Wannan ba ƙarya ba ce."

"Rubuta shi. Rubuta ɗana Bukar, rubuta ɗana Fa'iz, da ranar da aka yanka su a ƙofar kasuwa. Rubuta uwarsu da muka binne a hanyar Mubi. Duk zan dafa a kai. Amma muddin ina numfashi, yarinyar nan tana da mai riƙe ta."

"Baba, lauyar ta ce wannan duk ba zai isa ba. Za su ce Yola lafiya lau, ubanki yana raye yana sana'a, ki koma wajensa."

Ya ajiye hular. Ya daɗe yana kallon ruwan sitacin da ke cikin roba.

"Ashe ni ne na tare miki hanya," ya ce.

"Baba, haba."

"Je ki ci abinci. Kin rame kamar ba ƙasar madara kike ba."

Bayan kwana biyu na lura ya daina karɓar sababbin huluna. Wani direba daga unguwar Demsawo ya zo da guda huɗu, Garbai ya ce masa ya kai gaba, katakonsa duk sun cika. Alhali ina ganinsu a jere a rana, rabinsu tsirara. Ya riƙa kiran masu tsofaffin ɗaya bayan ɗaya su zo su karɓi kayansu. Zafin Jimeta na watan Maris ya sauko sosai, kwanon ɗaki har ƙara yake yi da rana, shi kuwa numfashinsa ya koma kamar na mai hawan tudu ko yana zaune.

Yayarsa Ya Gumsu, wadda idonta ya kusa rufewa, ita ke masa girki tun zuwansu. Ita ta kira ni in duba musu fanka. Da na ɗaga tabarma don in ja wayar wuta, sai na ga maganinsa na zuciya, kati uku, ba a ɓare ko ƙwaya ɗaya ba.

Na fito da su na ajiye a gabansa.

"Wannan abin fitsari yake sa ni," ya ce. "Alwala ba ta zama. Ran da na sha na ƙarshe, sau uku na fita daga sahu."

"Ruwan da ke ƙafarka yake cirewa, Malam. Aikinsa ke nan."

"Kai likita ne ko mai fanka?"

"Kana sane da abin da kake yi?"

"Ina sane da ban dafa Alƙur'ani kan ƙarya ba. Sauran ba a hannuna yake ba."

Na yi ta juya maganar kwana da kwanaki, ina zare waya ina mayarwa ba tare da na san me nake gyarawa ba. Mutumin da ya ji tsoron rantsuwar layi ɗaya, zai yi wasa da abin da ya fi ta girma a wajen Allah? Ko dai da gaske alwalar ce? Na san tsofaffi da dama da suka bar wannan magani saboda ita, ba su da 'ya a Jamus. Na ɗauki waya sau biyu zan kira Falmata. In na gaya mata, jirgi za ta hau, kuma ranar da ta sauka a Najeriya da ƙafarta, maganar izini ta mutu. Na ajiye wayar. Na roƙi limamin masallacinmu ya yi masa magana, ya yi, Garbai ya ce to, har ya haɗiye ƙwaya ɗaya a gabansa. Washegari da na duba, gurbi ɗaya ne kawai a katin.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya dafa kafaɗata muna tafiya gida, muna tsayawa a kowace inuwa.

"Muktar, in mutum ya rasu, a ina ake karɓar takardar shaida?"

"Me ya kawo wannan?"

"Tambaya na yi."

"In a asibiti ne, likita ya rubuta a take. In a gida ne, sai an yi ta yawon ofis, yakan ɗauki makonni."

Ya gyaɗa kai. "To in ka ga abin ya zo, kada ka tsaya jiran kowa. Ka sa ni a keke."

Talata da hantsi Ya Gumsu ta buga min ƙofa da sandarta. Na same shi zaune ya jingina da bango, ya sa farar rigarsa, katin shaidarsa na ɗan ƙasa yana cikin aljihun gaba. Leɓɓansa sun yi duhu. Ni da mai keken muka ɗaga shi. A hanya ya riƙe hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba, duk ramin da muka faɗa sai ya buɗe ido ya ce, "Mun kai?" Ya jira har aka rubuta sunansa a kati, aka ɗora shi a gado, wata nas ta ɗaura masa abin awon jini. Bai kai rabin sa'a ba bayan haka.

Mun binne shi bayan la'asar. Likita ya ba ni takardar kafin mu fito, da hatimi da komai, rana da lokaci a rubuce.

Ya Gumsu ta ce a yi yadda aka saba. "Ba a faɗa wa na nesa kai tsaye. Ka ce mata jikin ya tashi, ta zo gida."

"Ya Gumsu, ita kaɗai ce ba za a ce wa ta zo gida ba."

Na fita bayan gida na kira ta, na faɗa mata yadda yake. Ta yi salati. Ina jin ƙarar jirgin ƙasa a bayanta.

"Tun watan jiya na ga fuskarsa ta cika," ta ce. "Na san zuciya ce. Na yi ta jira ya faɗa min da kansa. Bappa, yana shan maganinsa?"

Katin nan uku suna cikin aljihuna a lokacin. Na ɗauke su ne don kada 'yan gaisuwa su gani.

"Yana sha," na ce.

"Kullum?"

"Kullum."

Ta ja numfashi. "Alhamis ne ranar da suka ba ni in kai takardun."

"Na sani. Akwai takarda daga asibiti."

"Bappa, bari tukuna."

Ban sake jin ta ba ranar, haka ma Laraba da safe. Da yamma wani ɗan ƙanen mijin Ya Gumsu ya iso daga Maiduguri, ya ce bayan sadakar uku zai tafi da ita. Mai gida kuma ya aiko a tambaya, cikin ladabi, yaushe ɗakin zai samu.

Na shimfiɗa takardar a kan benci, na danne gefenta da sukudireba don iska, na ɗauki hotonta sau uku kafin hatimin ya fito sosai. Na tura ba tare da na rubuta komai a ƙasa ba.

Alamun nan biyu da ke gefen saƙon suka koma shuɗi nan take, ta gani ke nan. Saman wayar ya nuna tana rubutu. Ya ɗauke. Ya sake nunawa, ya sake ɗaukewa. A cikin ɗaki Ya Gumsu tana lalubar tukwanenta, tana sa ƙarama cikin babba.