Bargon da Inna Kubura Ta Kai Sabon Gari

A shekarar 1953 azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma a farkonsa ne faɗa ya ɓarke tsakanin mutanen Sabon Gari da na Fagge da na cikin birni. Da ƙura ta lafa, aka girke 'yan sanda a filin da ya raba unguwannin biyu, kowa ya zauna a ɓangarensa yana jin labarin ɗayan ɓangaren a bakin mutane.

Inna Kubura Babarbariya ce, tana goye iyayenta suka zo da ita Fagge daga Borno. Tun rasuwar mijinta take zaune a gidan autanta Abdulgani, wanda yake awon gyaɗa a wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa. Sana'arta ɗinkin bargo. Ƙyallayen da teloli suka zubar take tarawa, ta wanke, ta jera su launi-launi, ta haɗa, ta shimfiɗa auduga a tsakani, sannan ta bi da allura layi bayan layi har bargon ya kama jikinsa. Kullum da hantsi matan maƙwabta sukan shigo da tabarminsu su zauna a gindin darbejiyar gidan, wata ta tsefe auduga, wata ta zura zare, ana aiki ana hira.

Mafi kyawun ƙyallayenta daga shagon Agnes suke fitowa. Agnes Ibo ce, tana da keken ɗinki a bakin Sabon Gari, gefen da yake kallon Fagge, kuma ba ta taɓa zubar da ragowar atamfa ba sai ta ajiye wa Inna Kubura a kwando. Sun daɗe tare, har sun saba raba aiki. Da 'yar Agnes, Nkechi, ta samu cikin fari, sai suka shirya yi wa abin da za ta haifa babban bargo, wanda uwa da ɗa za su rufa tare. Agnes ta ɗauki rabi za ta haɗa a keke, Inna Kubura ta ɗauki rabi za ta haɗa da hannu, in sun gama a game su. Rabin Inna Kubura yana cinyarta ranar da aka fara jin ihu daga wajen fili.

Tun daga ranar zama ya gagare ta. Ta ɗauki allura ta ajiye. Ta yi layi guda, ta ga ya karkace, ta warware. Ta leƙa zaure, ta dawo, ta shiga madafa ta buɗe tukunyar da surukarta Zaituna ta riga ta rufe, ta koma ɗaki ta fito ba tare da ta ɗauko komai ba. Duk wanda ya shigo gidan, ko mai tallar itace ne, sai ta tambaye shi ko ya bi ta bakin Sabon Gari. Wani ya ce shagunan wajen duk sun ƙone. Wani ya ce ƙarya ne, biyu ne kawai. Wata ta ce mutanen Kudu sun cika tashar jirgi da akwatuna, ko wurin sa ƙafa babu.

Matan gindin darbejiya ma hirarsu ta canja. Wata safiya Fanta, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, ta ɗaga gefen bargon ta duba, ta sake shi.

"Inna, har yanzu na Sabon Garin ne kike yi?"

"Shi ne."

"Ƙanena yana kwance, an sare shi a kafaɗa, ko kofin ruwa ba ya iya ɗagawa. Ke kuma kina nan kina yi musu kwalliyar bargo."

"Allah ya ba shi lafiya, Fanta. Jiya ma na aika masa kunu. Amma wanda zan rufa wa wannan bai ma zo duniya ba."

Fanta ta miƙe. Ta naɗe tabarmarta ta fita, wata ta bi bayanta. Waɗanda suka rage suka sunkuyar da kai kan auduga.

Da magariba aka shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida. Zaituna ta kawo kunun tsamiya da ƙosai, bayan salla ta sauke burabusko da miyar yakuwa, irin wanda Inna Kubura ta koya mata. Jikoki suka kewaye akushinsu. Abdulgani yana gefe da nasa kwanon, ya lura uwarsa tana juya loma ɗaya a hannu tun ɗazu.

"Inna, ba ki ci komai ba."

"Gobe zan shiga Sabon Gari," ta ce.

Ya ajiye lomarsa. "Ba yanzu ba, Inna. Ni da nake namiji ma kewayawa nake yi in je kanti. Ki bari a sha ruwa ashirin, a ga yadda gari zai kasance."

"In na bari aka sha ruwa ashirin, wa zan tarar? Ka ji dai ana cewa jirgi yana kwasarsu."

"To in ma kin je, me za ki yi musu? Kin san da wace fuska za su karɓe ki?"

"Ban sani ba. Shi ya sa zan je."

Abdulgani ya dubi matarsa, Zaituna ta kawar da kai tana goge wa ƙaramin yaro baki. Ya ce a bar maganar sai da safe. Da safe kuwa ya fita da wuri bai tayar da zancen ba, yana zaton maganar ta wuce. Rana na ɗagowa Inna Kubura ta naɗe rabin bargon a tsohon zane, ta soka allura da zare a gefen ɗankwalinta, ta ce wa Zaituna in ya dawo a gaya masa gaskiyar inda ta tafi.

Filin ya yi mata faɗi fiye da yadda ta san shi. Da can masu ruwa da 'yan dako da masu kekuna ne suke kaiwa da komowa, yau sai duwatsu da fasassun kwalabe da takalmi wari ɗaya a yashe. Wani ɗan sanda ya tare ta, ya sa ta kwance ƙunshin. Ya juya bargon gaba da baya, ya dube ta, ya ce, "Iya, kada ki kai yamma." Ta ce to.

Shagon Agnes ba rufi, ba ƙofa. Bangon ya yi baƙi, ƙasan cike da toka da narkakkun maɓallai. Tana tsaye a bakin wurin, sai wata mata mai ɗauke da bokiti ta nuna mata lungun da iyalin suke, can cikin unguwa.

Ta yi sallama a ƙofar wani gida mai ɗakuna a jere. Ambrose, mijin Agnes, kafinta ne, shi ta fara gani yana buga murfin akwatin katako. Ya san ta sarai, ya sha gyara mata kujera. Ta gaishe shi, ya amsa da ka, ya ci gaba da buga ƙusa.

Agnes ta fito daga madafa da muciya a hannu. Ta rame, idanunta sun faɗa. Suka tsaya suna kallon juna.

"Mama Kubura, ke kaɗai kika zo?"

"Ni kaɗai. Na ga shago."

"Keke kawai muka fitar. Ni da Ambrose muka ɗauko shi a ka. Sauran duk ya tafi, har rabin bargon." Ta rage murya. "Cikin waɗanda suka zo ƙona shagon akwai wanda Ambrose ya taɓa yi wa ƙofa. Ya gane shi. Kada ki ga laifinsa in bai yi magana ba."

"Ban ga laifinsa ba. Ina Nkechi?"

A nan ne fuskar Agnes ta ɗan saki. Ta ja hannunta zuwa ɗakin ƙarshe. Nkechi tana zaune a bakin gado da jaririya a ƙirji, 'yar mitsitsiya, fatarta duk tamoji. Naƙuda ta kama ta ana tsakiyar faɗan, lokacinta bai ma cika ba, ba hanyar zuwa asibiti, Agnes da wata maƙwabciya suka karɓi haihuwar. Inna Kubura ta karɓi yarinyar, ta tofa mata addu'a a ka, ta daɗe tana kallonta. Nkechi ta ce mijinta ya samo musu wuri a jirgin Fatakwal na jibi, za su je wajen iyayensa.

"Ke fa?" Inna Kubura ta tambayi Agnes.

"Da safe in ce zan tafi, da yamma in ce ba inda za ni. A nan na haifi Nkechi. Ambrose yana ta buga akwati, shi ma bai san ko za mu cika su ba."

Inna Kubura ta kwance ƙunshinta. Rabin bargon gefensa ɗaya a buɗe yake, auduga na leƙowa, tunda can ne za a game shi da ɗan'uwansa. Ta nemi ƙyallen da za ta kama bakin, babu ko ɗaya a gidan. Agnes ta shiga ɗaki ta fito da wani zanenta mai ruwan goro, ta sa almakashi ta yanko tsiri mai tsawo. Inna Kubura ta zauna a tabarma a baranda ta zura allura. Hannunta bai karkace ba ko sau ɗaya.

Rana ta take, Agnes ta sauke sakwara da miyar agushi. Ta zuba a kwano ta ajiye a gaban baƙuwarta, sai ta tuna, ta dafe baki.

"Na manta kina azumi. Bari mu shiga ciki mu ci."

"Ku ci a nan. Mai jego ta ci da yawa, ni ina da aiki."

Suka zauna suka ci a gefenta. Ambrose ya wanke hannu ya tashi, ya ɗan tsaya a kanta yana kallon ɗinkin. Ya shiga ɗaki ya fito da kujera 'yar tsugunne ya ajiye kusa da ita, ya ce ƙasa za ta sa mata ciwon baya. Iyakar abin da ya ce mata ke nan a ranar.

Sai bayan la'asar ta ƙulle zaren ƙarshe. Bargon bai kai a rufa uwa da 'ya ba, amma ya naɗe jaririyar har da saura. Agnes ta rako ta har bakin lungu, ta cusa mata lemo a ƙunshi, ta ce ta sha ruwa da shi. Ba wadda ta yi wa 'yar'uwarta alkawarin komai.

Tun daga tsakiyar fili ta hango Abdulgani a bakin Fagge, yana kai da kawo, hularsa a hannu. Da ta iso ya karɓi ƙunshin ya wuce gaba. Tafiyarta ta tsufa ce, ga gajiya, kiran salla ya riske su a hanya. Suka tsaya jikin wata katanga, ya ɓare lemo da farce ya miƙa mata rabi. Sai da ya haɗiye nasa sannan ya tambaya, idonsa a ƙasa, ko Ambrose yana nan lafiya. Ta ce yana nan, kuma sun samu jika mace.

Nkechi ta bi jirgin da ta faɗa, ba ta ƙara zama a Kano ba. Agnes da Ambrose ba su tafi ba. Da damina ta yi nisa Agnes ta kama wani ɗan shago can tsakiyar Sabon Gari, nesa da fili, tafiyar ta yi wa Inna Kubura tsawo, sai ya zama sau ɗaya a mako take zuwa. Fanta kuwa ta daɗe ba ta taka gidan ba. Sai da ƙanenta ya warware ya koma dako, sannan wata safiya ta shigo neman aron turmi, ta tsaya gaisawa, gaisuwar ta yi tsawo har ta zauna.